Kuɗin Dako da Shaidar Kaya a Ƙasar Gaya, Jiya da Yau

Duk kayan da zai bar hannun mai shi ya tafi wani gari, abu biyu yake nema: wanda zai ɗauka a biya shi, da alamar da za ta nuna na wane ne, kuma wa za a danƙa wa. Matasanmu masu tallar hula da turaren wuta da man gyaɗa a WhatsApp da Facebook gani suke kamar a kansu aka fara wannan ciwon kai. Ni a Kademi na tashi, a gidan da kaka ya yi fatauci da jakuna, uba ya yi awon gyaɗa, yau kuma 'yata take aika kaya Legas da Fatakwal daga tsakar gida. Abin da na gani a gidan nan shi ne, ko wane zamani aka shiga, mutumin ƙauye ya fi kowa biyan kuɗin hanya, kuma bai taɓa samun sauƙi ba sai lokacin da ya haɗa kayansa da na 'yan'uwansa.

Ƙasar Gaya ta daɗe da sanin matafiya. Ko yaro ya san labarin Abagayawa, maƙeran da suka tashi daga Gaya suka je gindin Dala neman tama. Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452, aka buɗe hanyar fatauci tsakanin Barno da Gwanja, kuma mu muke gabas da birni, ta wajen da mutanen Barno suke ɓullowa. A zamanin Sarki Yakubu ma wani ɗan Sarkin Machina mai suna Agalfati aka ba sarautar Gaya. Ke nan tun fil azal kanwa da gishiri da dabbobin gabas suna ratsa ƙasar nan, goro da tufafi suna komawa.

A zamanin ayari babu wani abu guda da za ka nuna ka ce ga kuɗin dako. A warwatse yake. Akwai harawar jaki da dusarsa, akwai abincin yaran da ke kora, akwai ladan 'yan alaro masu ɗauka a ka, akwai kuɗin fito in an zo haye Kwara, sannan ga gaisuwar da kowane sarki na kan hanya yake jira kafin ya bar ayari ya wuce ƙasarsa. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda suka riƙe fataucin goro tsakanin Kano da Salaga a ƙarni na 19, watanni suke yi a tafiya, wani zubin zuwa da dawowa ya cinye shekara. Abin da ya sa suka iya shi ne tsari. Madugu shi ne uban tafiya, jagaba yana gaba ya san hanya da mashaya da zango, uban dawaki yana taimaka wa madugu wajen hulɗa da masu ƙasa da tattara abin da za a biya. In an isa ƙasar wani sarki, madugu ne zai shiga ya yi ciniki a madadin kowa, in an daidaita a dawo a raba wa fatake gwargwadon yawan kayan kowa. Mai jaki biyu ya biya na jaki biyu, mai ashirin ya biya na ashirin. Da falke zai tafi shi kaɗai, sarki na farko ma ya ishe shi, balle 'yan fashi.

Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya lura da wani abu da har yau yake ba ni mamaki. Tufafin Kano da ake kai wa Tumbuktu ba sa miƙewa yamma kai tsaye. Arewa suke yi zuwa Ghat, har Ghadames, kana su karkato su gangaro, saboda gajeriyar hanyar babu aminci. Ya ƙiyasta abin da ake kai wa can da kayan raƙumi 300 a shekara. Na kan tuna wannan duk lokacin da na ga kwalin da za a kai Azare ta hannun kamfanin aika saƙo. Sai an fara kai shi ofishinsu a Kano, a auna, a manna masa takarda, sannan ya sake biyo hanyar Wudil ya wuce ta gefenmu ya nufi gabas. Mai kaya ya biya kuɗin tafiyar duka biyu.

Kakana bai ga Salaga ba. Yaƙin basasar 1892 ya riga ya watsa kasuwar kafin ya yi wayo. Nasa fataucin na kusa ne: kanwa daga gabas, hatsi da fatu zuwa birni, wani lokaci goro zuwa kasuwannin ƙauye. Amma ya gaji ɗabi'un manya, kuma na same shi da ransa, na ga yadda yake ɗaure kaya. Wagarsa da taikinsa duk suna da zane uku na shuni a gefen dama, kuma a bakin igiya yana ƙulla 'yar tsiririyar jar fata. A zango, inda kayan mutum hamsin suke jibge wuri ɗaya cikin duhun asuba, da hannu yake laluben ƙullin nan ya gane nasa. Abokan tafiyarsa da suka yi nisa a allo su kuma sunansu suke rubutawa da ajami a jikin fatar. Huhun goro ya fi komai son kula, don sai an kwance shi a hanya an yayyafa ruwa, an tsince wanda ya fara lalacewa, an sake naɗe shi da ganye, saboda haka alamar ba a ganyen ake sa ta ba, a igiyar ake sa ta. Ya kuma koya mini abu ɗaya da ban manta ba. Ya ce, “Kai yaro, shaidar waje ta ɓarawo ce da ruwan sama. In kana son kayanka, sa wata a ciki.” A cikin kowane taiki yana jefa guntun kara da ya yi wa tsaga uku.

Wanda ba zai iya tafiya ba kuwa sai ya ba da sautu. Tsohuwa ta kawo kuɗinta ta ce a sayo mata goro ko baƙin zane, falke ya ƙulle su a gefen rawani ko ya zuba a jaka daban, bai rubuta komai ba. Ladansa addu'a ce da ɗan abin da aka ga dama. In kaya masu yawa ne za a aika wa fatoma a wani gari, sai a haɗa da wasiƙar ajami mai faɗin adadin huhu da sunan wanda ya ɗauko. Duk abin a kan sanayya yake tafiya. An san gidan su falken, an san ubansa, in ya ci amana ba shi da inda zai koma.

Turawa suka ci Kano a 1903, ba da jimawa ba gwamnatin Lugga ta ɗora wa ayari haraji: kashi 5 cikin 100 na darajar kaya a kowane lardin da aka ratsa, har ya kai kashi 15. Fatake suka yi ta kuka, aka soke shi a 1907. Bai daɗe ba, amma daga lokacin ne takardar hukuma ta fara bin kaya, ana nuna ta a gaba don kada a sake karɓa.

Jirgin ƙasa ne ya juya komai. Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, tafiyar da take cin watanni ta koma ta kwanaki. A tashar jirgi babu ruwan kowa da wane ne ubanka. Sikeli ne yake magana: nauyi kaza, nisa kaza, kuɗi kaza, ga takardarka. Masu wayo sun riga sun hango haka. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 cikin zuriyar Agalawa, tun kafin jirgi ya zo Kano ya fara ɗora goro a jirgin ruwa daga Ankara ta ƙasar Gwalkwas zuwa Legas, maimakon ya bi ƙasa da jakuna. Da gyaɗa ta yi daraja ya dawo gida ya zama babban mai saye, har a 1929 ya kai kuɗin azurfa kayan raƙumi 20 bankin Turawa da aka buɗe a Kano. Goro kuma ya koma fitowa daga ƙasar Yarabawa, daga su Shagamu da Agege da Ibadan, inda aka kafa unguwar Sabo a 1916, masu gidaje suna ɗaure huhu suna rubuta sunan mai shi suna ɗorawa a tarago. Jikokin wannan ciniki ne muke wucewa a kasuwar goro ta Mariri duk ranar da za mu shiga birni.

To amma dogo bai biyo ta Gaya ba. Reshen da aka ja zuwa Nguru, wanda aka gama a 1930, ta Ringim ya bi, arewa da mu. Wannan ya bar manomin Kademi da na Ajingi da wani nauyi da mutumin bakin dogo bai sani ba. A zamanin hukumar sayen gyaɗa, wadda aka kafa a 1949 ta koma ta Jihar Arewa a 1954, farashin da ake sanarwa na bakin dogo ne. In sikelinku yana nesa, sai a cire kuɗin ɗauko gyaɗar zuwa can daga abin da za a ba ku. Gyaɗa iri ɗaya, buhu iri ɗaya, gumi iri ɗaya, amma kuɗin ya bambanta saboda inda Allah ya ajiye gonarka. Dalar gyaɗar da ake ɗaukar hotonta a Kano, da jakunan ƙauye da raƙuma da tsofaffin manyan motoci aka tara ta, kuma manoma ne suka biya dakon.

Mahaifina yaron wani mai lasin sayen gyaɗa ne, shi yake zama a sikeli da kaka. A nan na fara ganin ana buga wa kaya lamba. Wani faifan kwano ne da aka huda haruffa da lambobi a jikinsa. Za a shimfiɗa buhun algarara a ƙasa tun babu komai a ciki, a ɗora faifan, a tsoma burushi a baƙin fenti a goga, in an ɗaga sai ga lambar mai lasin ta fito ɓaro-ɓaro. Mu yara mu ake ba wannan aiki, hannuwanmu su yi baƙi ƙirin, kwana da kwanaki fentin bai fita ba. Ba mu iya karanta abin da muke bugawa ba, amma mun san in lambar ta dusashe ko ta karkace Baba zai sa a sake, domin buhun da ba a gane mai shi ba, in an same shi da ƙasa ko ruɓaɓɓiyar gyaɗa a Kano, babu wanda za a tuhuma, in kuma mai kyau ne babu wanda za a biya. Bayan an cika an ɗinke, jami'in duba gyaɗa ya zo ya soka ya gani, ya sa hatiminsa. Farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka karya wannan kasuwa, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986. Faifan nan ya daɗe a rataye a zaurenmu kafin tsatsa ta cinye shi.

A duk tarihin nan wuri ɗaya ne na ga an yi wa na nesa adalci, shi ne gidan waya. A Ingila, kafin 1840, galibi wanda aka aika wa wasiƙa shi yake biya, kuma gwargwadon nisa. Wani mutum mai suna Rowland Hill ya kawo shawarar a mayar da biyan kan mai aikawa, a sa kuɗi ɗaya ko ina wasiƙar za ta a cikin ƙasa, a manna 'yar takarda a matsayin shaidar an biya. Kan sarki ke nan. A 1874 ƙasashe suka haɗu a birnin Bern suka amince kowa ya riƙa isar da wasiƙar ɗan'uwansa. An buɗe gidan waya na farko a Legas a 1852, daga baya ya bazu zuwa Arewa. Abin da wannan tsari yake nufi gare mu shi ne, kan sarkin da ɗan Kademi zai saya don wasiƙa ta je Legas, shi ne wanda ɗan Fagge zai saya. Ina makarantar firamare tsofaffi suke kirana in rubuta musu wasiƙa zuwa ga 'ya'yansu da ke ci-rani a kudu ko aikin soja, kuma adireshin garin gaba ɗaya guda ne: ta hannun hedimasta. Shi zai karɓo, ya kira yaron gidan bayan an tashi, ya ce, “Kai wa babanka.” In ƙunshi ne sai 'yar takarda ta zo, mutum ya shirya ya je ya sa hannu ya karɓa. Akwai jinkiri, wani lokaci har abin ya ba da haushi, amma kuɗin bai san ƙauye da birni ba. A 1985 aka raba tsohuwar ma'aikatar waya da wasiƙu gida biyu, NITEL da NIPOST. An ba kowane yanki lamba mai alƙaluma shida, tamu ta Gaya da Ajingi da Wudil tana farawa da 713, sai dai da wuya ka sami wanda ya san ta a kasuwa.

Da gidan waya ya yi sanyi, direba ne ya gaje shi. Tun kafin wayar hannu, mutum yakan je tasha da ƙunshinsa ya ce, “Direba, don Allah in ka isa ka ba mai shayin bakin ƙofa, ka ce na Malam wane ne.” Mai shayi ya ajiye a ƙarƙashin teburi har mai shi ya ji labari. Ƙungiyar direbobi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1978, ta sa abin ya ɗan sami tsari, aka sami ofis a tasha da littafin rubuta saƙo da ɗan kamasho mai karɓa. Sai 2001 ta zo da MTN da Econet, lambar waya ta zama adireshin talaka. Yau abin da ake kira webil a tashoshinmu bai wuce wannan ba: kwali, salatif, da maka. A rubuta suna, gari, da lamba mai alƙaluma 11. A ɗauki hoton kwalin da lambar motar da ta direba a tura wa mai saye. In mota ta kusa, direba ya kira.

Bari in bi kwali ɗaya daga gidana, don a ga inda kuɗin yake zurarewa. 'Yata tana karɓar ɗinkin hula daga matan unguwa, ta wanke, a buga, ta ɗauki hoto ta sa a waya. Wani a Fatakwal ya gani ya ce yana son biyar. Daga ƙofar gida ɗan acaɓa zai kai kwalin inda ake samun mota. Motar za ta haye gadar Wudil ta shiga Kano, an biya. A Kano sai an sami ɗan'uwa ya tare ta, ya ɗauki Adaidaita Sahu, tun da an hana acaɓa ɗaukar fasinja a birni tun 2013, ya kai New Road a Sabon Gari inda manyan motocin kudu suke lodi, ko Unguwa Uku in kayan na Abuja ne ko Jos. Shi ma ɗan'uwan ba a bar shi haka ba, ko kuɗin kati an ba shi. Sannan a biya webil ɗin kansa. A can kuma mai saye ya biya kuɗin sauke kaya kafin a miƙa masa. Mai shago a Kantin Kwari ko Kasuwar Kurmi da zai aika irin wannan hula, daga biyan Adaidaita yake farawa. Mu kafin mu kai inda ya fara mun biya sau biyu ko uku, mun kuma ɓata yini.

A nan ciniki yake mutuwa. An gama daidaitawa, sai mai saye ya rubuto, “Har da kuɗin mota?” In 'yata ta ce a'a, ya yi shiru, ba za a sake jin ɗuriyarsa ba. In ta ce e, ribar hula biyu ta tafi. Na sha ganin ta zauna da biro tana lissafi, ta ɗago ta ce, “Baba, in na ɗora a kan farashi sun ce na yi tsada, in na faɗa daban sun gudu.” Ba ni da amsar da zan ba ta, don tambayar da Rowland Hill ya warware wa wasiƙa ce, kuma har yau ba a warware wa kwalinmu ba.

Manyan kasuwannin intanet, Jumia da Konga, sun fara a 2012, suka zo da nasu salon. Mai sayarwa zai buga takardar oda, mai ɗauke da zanen layukan nan da na'ura take karantawa, ya manna a kwali, ya kai wurin karɓar kayansu. Daga nan kowa yana iya bibiyar kayan a waya da lambar da aka ba shi. Tsari ne mai kyau, ba na musu. Zanen layukan ma ba sabo ba ne a duniya, tun 1974 aka fara karanta shi a wani kanti a Amurka. Sai dai an gina tsarin a kan abubuwan da ba mu da su. Wurin karɓar kayan yana birni. Firinta tana son wuta. Masu ƙaramin ƙarfi sukan je shagon kwamfuta a buga musu a farar takarda su yanke da reza su liƙe. Masu hali suna sayen ƙaramar na'urar nan da ba ta shan tawada, zafi take sa wa takarda rubutu ya fito, irin ta rasit ɗin masu POS, akwai ma mai batir da ake haɗawa da waya. Ita kuma takardarta ba ta jure rana. Ka bar ta a bayan mota a zafin watan Afrilu, ko dai ta yi baƙi ko rubutun ya dushe, kuma wani salatif ɗin in an shimfiɗa a kanta yakan cinye rubutun. Duk wanda ya taɓa ajiye rasit ɗin POS a aljihu ya dawo ya tarar da farar takarda ya san abin da nake faɗa.

Akwai kuma lissafin da yake ba sababbin shiga mamaki. Kamfanonin aika saƙo ba nauyi kaɗai suke dubawa ba, har da wurin da kwali zai cinye a mota ko jirgi. Da yawansu tsawo da faɗi da tsayi suke ninkawa a santimita, su raba da 5,000, abin da ya fito su kira shi kilo, sannan su caji wanda ya fi yawa tsakaninsa da nauyin sikeli. Kwali mai tsawon 40, faɗin 30, tsayin 30, ya zama kilo 7.2 ke nan, ko da hulunan da ke ciki ba su kai kilo 2 ba. Hula kuwa ba a danne ta, in an danne karinta ya lalace. Mai turaren wuta a kwalba ya fi mai hula samun sauƙi a wannan awo, shi kuma fashewa ce fargabarsa.

Babbar matsalar ita ce adireshi. Takardar da za a cike tana neman lambar gida da sunan titi. Mu kuwa kwatance muka sani: bayan masallacin Juma'a, kusa da gidan mai unguwa, ka tambayi gidan masu hula. Kowa a garin zai kai ka, amma kwamfuta ba ta karɓa. Dole mai sayarwa ya ari adireshin wani ɗan'uwa a Hotoro ko Tarauni, in an dawo da kayan da mai saye ya ƙi karɓa, can za su sauka, a sake biyan mota a kawo su gida.

Akwai lokacin da 'yata ta aika man gyaɗa da ƙuli-ƙuli kudu, aka ɗora wa kwalin wani kaya mai nauyi, murfin jarka ya saki, mai ya jiƙe kwalin ya narkar da rubutun maka. Direban ya sauke a tasha ya juyo abinsa, wayarsa kuma ta daina shiga. Mai saye ya fara zargin an cuce shi. Abin da ya cece ta shi ne takardar da take sakawa a leda ta jefa cikin kowane kwali, mai sunanta da lambarta da ta mai saye, dabarar da na ba ta daga guntun karan kakana. Wani bawan Allah a ofishin tashar ya buɗe, ya gani, ya kira. Da babu ita, da kayan da mutuncin duk sun tafi, kuma a kasuwar waya mutunci shi ne jari, don mutum ɗaya in ya rubuta cewa ka cuce shi, ɗari sun karanta.

Hukuma ba ta cika tunawa da masu wannan sana'a ba sai wajen karɓa. A watan Yulin 2020 NIPOST ta fitar da sabon kuɗin lasin masu aika saƙo: naira miliyan 20 ga masu kai wa ƙasashen waje, miliyan 10 ga na ƙasa baki ɗaya, miliyan 2 ga na jiha, har ƙaramin mai babura 'yan kaɗan an yanka masa 250,000. Jama'a suka yi ca, ministan sadarwa na lokacin, Isa Ali Pantami, ya ce a dakatar. Sai kuma 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Kowane mataki na tafiyar kwalin nan da na lissafa sai da ya tashi, kuma wanda matakansa suka fi yawa shi ya fi jin jiki. Na san mata a garin nan da suka daina karɓar odar abu ɗaya ko biyu daga nesa, don kuɗin kai shi ya kusa kuɗin kayan.

Ra'ayina a kan wannan ba ɓoyayye ba ne. Muna asara ne saboda kowa shi kaɗai yake tafiya. A rana ɗaya sai ka ga kwali biyar sun bar Kademi a mota biyar, kowanne da ɗan acaɓarsa, kowanne da ɗan'uwan da zai tare shi a Kano, alhali duk New Road za su. Fataken da suka haye Kwara ba su fi mu ilimi ba, amma sun san mutum ɗaya ya yi ciniki a madadin ɗari ya fi ɗari su yi ciniki ɗaya-ɗaya. Kamfanin da ba zai kalli mai kwali ɗaya ba, zai turo mota ya kuma rage farashi in an ce masa ga kwali 40 duk mako a wuri ɗaya.

Saboda haka kirana ga masu sayarwa ta waya a Kademi da Gaya da Ajingi, maza da mata, shi ne su zauna su fitar da shago ɗaya a bakin hanya, da amintaccen mutum ɗaya wanda aka san gidansu. A sa sikeli da abin awon kwali, da ƙaramar firinta da farantin sola, da littafin da za a rubuta kowane kaya da kuɗinsa. A tsayar da ranaku biyu a mako da mota za ta tashi, a raba kuɗinta gwargwadon kayan kowa. Shugabannin ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi kuma, ranku ya daɗe, abin da muke roƙo bai fi ƙarfinku ba: ku ba shagon nan adireshin da kwamfuta za ta karɓa, ku sa wa titunan garuruwanmu suna, ku buga wa gidaje lamba, ku nemi NIPOST ta mayar da shi wakilinta.